Kafin Ku Sabunta Manhaja a Bioconda, Ku Karanta Abin da Ya Canza

Ƙannena masu shiga harkar nazarin ƙwayoyin halitta da kwamfuta, daga ƙauyenmu da ke kusa da Ringim nake rubuto muku, inda nake aikin bayanan ƙwayoyin halittar wake, domin in faɗa muku wani kuskure da na yi wanda ba na so ku maimaita.

Yawancinmu ta Bioconda muke girka manhajojin aikinmu, wato rumbun da masu bincike suka haɗa hannu suka gina a kan conda (tsarin girka manhajoji tare da abubuwan da suke buƙata), aka kuma gabatar da shi a mujallar Nature Methods a shekarar 2018. Kowace manhaja a can tana da fayil mai suna meta.yaml, wanda a ciki ake rubuta lambar fitowarta, adireshin da za a sauko da ita, lambar tantancewa ta sha256 (wadda ke tabbatar da cewa fayil ɗin da aka sauko da shi bai canza ba), sauran manhajojin da take dogara da su, da gwajin da za a yi mata bayan an haɗa ta. Idan sabuwar siga ta fito, sai wani ya gyara fayil ɗin ya tura ta GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji ana gyara su tare, masu kula da rumbun su duba su amince.

Wata ƙaramar manhaja da nake tace fayilolin VCF (masu jera bambance-bambancen ƙwayoyin halitta) da ita ta fitar da sabuwar siga, na ɗauki nauyin sabunta ta. Dare ya yi nisa, domin a nan sai mutane sun kwanta intanet yake samun ƙarfi, batirin sola kuma yana gab da ƙarewa. Na canza lambar fitowa, na sa sabuwar sha256, na mayar da lambar gini (wadda ake ɗagawa duk lokacin da aka sake haɗa siga ɗaya) zuwa 0 kamar yadda ƙa'ida ta tanada, na tura. Gwaji ya wuce lafiya, aka amince. Abin da ban yi ba shi ne buɗe bayanin canje-canjen da mai manhajar ya rubuta, alhali a nan ya faɗa ƙarara cewa sabuwar sigar tana buƙatar sabuwar pysam, wata manhajar Python da take dogara da ita wajen karanta irin waɗannan fayiloli. Na bar tsohon sharaɗin yadda na same shi. Gwajin da ke cikin fayil ɗin kuwa bai wuce umartar manhajar ta nuna shafin taimakonta ba, wannan kuma ko da tsohuwar pysam za ta iya.

Bayan mako biyu wata ɗaliba da nake taimaka wa da aikin digirinta ta kira ni ta ce, "Malam, manhajar tana farawa, sai ta yi nisa ta tsaya." Ta yi asarar yini guda na wuta da data tana neman laifin a cikin bayananta, alhali laifin yana cikin layi ɗaya da na ƙi dubawa. Na tura gyara, na ɗaga sharaɗin pysam, na mayar da lambar gini 1, saboda idan siga ɗaya ce conda yakan fifita ginin da lambarsa ta fi girma.

Saboda haka, kafin ku taɓa meta.yaml, ku karanta bayanin canje-canje tun daga farko har ƙarshe, sannan ku buɗe fayil ɗin da mai manhajar ya jera abin da take buƙata, ku gwama shi layi-layi da abin da ke cikin namu. Bioconda yana da na'ura mai sarrafa kanta da ke turo sabuntawa idan ta ga sabuwar siga, amma kada ku ɗauka ta yi muku wannan karatun. Game da sha256, ku fi dogara da kunshin da mai manhaja ya ɗora da hannunsa ko wanda ke PyPI, rumbun manhajojin Python, domin a watan Janairun 2023 wani canji a GitHub ya sa lambobin tantancewar kunshin da GitHub ɗin yake haɗawa da kansa suka sauya, gine-gine da dama suka tsaya.

Gwajin da kansa shi ya fi cancantar lokacinku. Idan kun tarar shafin taimako kawai yake dubawa, ku ƙara masa umarnin da zai sa manhajar ta karanta ɗan ƙaramin fayil na gaske ta fitar da sakamako. Ni yanzu ina ajiye da wani guntun VCF na wake mai layuka kaɗan, kuma idan data ba ta isa in haɗa manhajar da conda-build (kayan aikin haɗa manhajojin conda) a kwamfutata ba, nakan jinkirta turawa har ranar da na shiga Dutse.