Ranar da zafin Ingila ya wuce 40, fura ce ta riƙe min yara

Mun sauka Bamingham a watan Janairun 2022, ni da yara biyu, Abbansu ya riga mu zuwa da wata huɗu saboda karatu. Duk wanda ya zo mana sallama a Katsina maganar sanyi yake yi, wannan ta ce ki sayi safa da yawa, wancan ya ce kar ki kuskura yara su fita ba hula, Hajiyarmu kuwa har man kaɗanya ta ɗauro min saboda kaushi. Babu mutum ɗaya da ya ce min ki yi shirin zafi, ni ma kuma ban kawo shi a raina ba, tunda a garinmu watan Afrilu yakan wuce digiri 40 kuma kowa na harkarsa.

Sai ga watan Yuli. An yi babbar sallah ranar 9 ga wata, ba a yi sati ba hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta fitar da jan gargaɗi na tsananin zafi, wanda shi ne na farko da suka taɓa fitarwa, suka ce Litinin 18 da Talata 19 kowa ya yi hattara. Ranar Talatar nan aka auna digiri 40.3 a wani gari Coningsby a yankin Lincolnshire, ba a taɓa ganin haka ba a tarihin ƙasar. Jiragen ƙasa da yawa ba su yi aiki ba, gobara ta cinye gidaje a wani ƙauye a gefen Landan.

To ni abin da na gane a kwana biyun nan shi ne, zafin gida da zafin nan lamba ce kawai ta haɗa su. A gida akwai zaure, akwai inuwar bedi, akwai randa a gindin bango, da dare kowa ya ja tabarmarsa tsakar gida. Nan kuwa gidan an gina shi ne don ya riƙe ɗumi, jan bulo ne, gilashin taga ninki biyu, ƙasa duk kafet, ba fankar sama balle esi, mu kuma a saman bene muke a unguwar Small Heath, duk zafin gidan wajenmu yake hawowa. Ga rana ba ta faɗuwa da wuri, sai tara ta wuce ake kiran magariba, bulon nan ya wuni yana shan rana, da dare sai ya riƙa amayo mana ita. Abbansu ya zaga shaguna neman fanka ya dawo hannu rabbana. A nan na koyi cewa da rana rufe taga da labule ake yi, sai dare a buɗe, ni kuwa da safe na wangale komai ina jiran iska.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba gumin ba ne, yaran ne suka ƙi cin abinci. Na shiga kicin na dafa shinkafa da miya da sauran naman sallah, na ƙara wa gidan zafi a banza, babban mai shekara 8 ya yi loma biyu ya ture, ƙaramar mai shekara 4 ko kallon kwanon ba ta yi ba, ta kwanta ta yi laushi. Abin da suke so kawai askirim, da sun ji kiɗan motar mai sayarwa sai su yi taga. Na kira Hajiya a WhatsApp murya na rawa, muka gaisa, na ce Hajiya jikokinku fa sun ƙi cin komai tun safe. Ta ce ke ma dai, wa ya ce ki ɗora tukunya da rana tsaka a bazara? Dama musu fura. Na ce Hajiya ina zan ga fura a nan? Ta ce ƙasar da ta tara mutanen duniya ba za a rasa mai cin gero ba, ki tambaya.

Wallahi haka aka yi. Akwai wata dattijuwa 'yar asalin Pakistan a ƙasan benenmu, Anti nake ce mata, na sauka na nuna mata hoton gero a waya, ta duba ta ce ai bajra ne, ta shiga ciki ta ɗauko min rabin ledar garinsa. Har mamaki ta yi da na ce don zafi nake nema, don su da sanyi suke cinsa, gurasa suke yi da shi, a wajensu abinci ne mai ɗumama jiki. Na ce mu kuwa shi ne abin shan manomi da rana. Daga baya na ga kusan duk shagunan titin Coventry da na Alum Rock suna da shi, wata shida ina wuce shi a kanta ban sani ba saboda sunan da ke jikin ledar ba namu ba ne.

Da asuba na yi aikin kafin gari ya ɗau zafi. Na zuba wa garin dakakkiyar citta da kanumfari da ɗan barkono kaɗan saboda yara, na yayyafa ruwa na kwaɓa da tauri, na cura, na jefa a tafasasshen ruwa ya yi kamar minti 25. Turmi ne babu, kuma ko da akwai ba zan yi daka a kan Anti ba, sai na sa a injin markaɗe da ɗan ruwan dahuwar ina kunnawa ina kashewa har ta yi danƙo, na sake curawa na birgima a gari. Ba ta kai ta masu tallan ƙwarya laushi ba, gaskiya ɗaya ce, amma ƙamshin kanumfarin nan da ya tashi sai da na tsaya na riƙe bakin tebur, kamar a tsakar gidanmu nake. Na dama da yogot mara sukari na sirka da ruwan sanyi na jefa ƙanƙara. Ƙaramar ta sha kofi ɗaya ta miƙo a ƙara mata, ranar ban san sau nawa na ce alhamdulillahi ba.

Tun daga nan nake yin ta da yawa in jera a firiza, in za a sha in ciro biyu. Garin ma a firiza nake ajiye shi don garin gero in ya daɗe a waje ɗaci yake yi. Kindirmo kuma na daina saye, madara mai shuɗiyar alama nake ɗaukowa, ita ce mai cikakken mai, mai koriyar alama an rage mata, mai ja kuwa an tsame kusan duka ba ta kama jiki. In tafasa, in bari ta huce yadda yatsa zai iya zama a ciki, in sa cokali biyu na tsohon yogot in rufe. Da sanyi sai ta kwana ta wuni tana min gardama, amma a zafi kafin safe ta kama. Wanda ke son tsamin nonon Fulani ya ƙara kefir, wani nono ne mai tsami, ana samun sa a shagunan 'yan Poland da manyan kantuna, shi ya fi kusa da tsala. Turkawa ma suna da nasu, ayran, yogot da ruwa da gishiri, Abbansu shi yake so in ya dawo daga aiki.

Dalilin da ya sa na dage da yin nawa biyu ne. Na ɗaya jelatin, wani sinadari ne mai sa abu ya yi danƙo, wasu ƙananan yogot da alewa mai laushi da yara ke so ana sa musu shi, kuma sau da yawa na alade ne, dole ki juya roba ki karanta. Na biyu sukari, wannan kam ni ma sai da na gyara hannuna, don mu a gida in ana dama fura ko zobo ba a awo, zubawa ake har sai harshe ya yarda. Hukumar lafiya ta NHS ta ce yaro ɗan shekara 4 zuwa 6 kada sukarin da ake ƙara masa ya wuce giram 19 a rana, ɗan 7 zuwa 10 giram 24, babba giram 30, wato kamar ƙwayar sukari mai iyali guda 7. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya mai mililita 330 giram 35 ne a ciki, kin ga shi kaɗai ya wuce na babba. Ko lemon 'ya'yan itace da ba a ƙara wa komai ba sun ce mililita 150 ya isa a rana, ɗan ƙaramin kofi kenan. Akwai alamar ja da ruwan ɗorawa da kore da suke bugawa a gaban kwali, in na ga ja a wajen sukari sai in mayar. Ban yanke wa yara lokaci ɗaya ba, a hankali na riƙa ragewa, yanzu ayaba rabi ko dabino biyu nake markaɗawa a furar kuma ba sa ƙorafi. Dabinon ma zaƙi ne, ban ce a cika ba.

Zobo shi ma da baƙon suna na same shi, a shagon 'yan Jamaika sorel suke ce masa, Larabawa da 'yan Sudan kuma karkade. Ba na tafasa shi a zafi, jiƙa shi nake yi da dare a ruwa tare da citta da kanumfari in sa a firij, da safe in tace, launinsa ya fita sosai ba tare da na kunna wuta ba. In markaɗa abarba in zuba, in cika 'yan robobin ƙanƙara masu tsinke in sa a firiza. Wannan shi ya raba mu da rigimar motar askirim, ƙanƙarar zobo irin wadda muke saye a ƙofar makaranta muna yara, har 'ya'yan maƙwabta suna hawowa su karɓa. Masu juna biyu dai tun a gida manya ke cewa su bar zobo, ni ma ba na ba su.

Abin taunawa kuwa kokwamba ce ta maye min gurji. Kusan duk jikinta ruwa ne, ya kai kashi 95 cikin 100, in yanka ta dogo-dogo da karas da tattasai mai zaƙi in barbaɗa garin ƙuli da ɗan yaji. Da ƙulin da na zo da shi ya ƙare sai na koma markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, wadda ba a sa wa sukari ba, in dama cokali ɗaya da lemun tsami da ɗan ruwa in yi kwaɗon latas ko kabeji da tumatir da albasa, minti biyar an gama kuma yana riƙe ciki har magariba. Amma fa a gida kaɗai. Makarantar yaran, kamar makarantun firamare da yawa a nan, ta hana shiga da duk wani abu mai gyaɗa, saboda akwai yaran da ko kaɗan ta shiga bakinsu numfashinsu sarƙewa yake yi. Da farko abin ya min nauyi, ɗan Bahaushe a ce ba gyaɗa, amma da wata uwa ta nuna min allurar gaggawa da ɗanta ke yawo da ita a jaka, ban ƙara ko tunanin sa ƙuli a kular abinci ba. In za su makaranta humus nake sa musu su dangwala karas, wani dafaffen wake ne mai zagaye da Larabawa ke markaɗawa, shi ma sai da na tambayi malamarsu tukun saboda akwai riɗi a ciki.

Kankana ba sai an faɗa ba, ta shagon Turkawa ta fi girma da zaƙi, in yanka in sa a firij in matsa lemun tsami da ganyen na'a-na'a. Mangwaron Pakistan yana zuwa a kwali daga Yuni zuwa Agusta, Anti ce ta koya min sunayensu, sindhri da chaunsa, ba arha ba ne amma kwali ɗaya a wata ba ya gagara. Inabi kuma ga mai ƙaramin yaro a tsaga shi ta tsawonsa kafin a ba shi, daidai maƙogwaron yaro yake, ma'aikatan lafiya na nanata wannan sosai. Kunun aya ne kaɗai na rage yi, ayar na da tsada kuma ba ya jure zafi, ko a firij kwana biyu ya juya.

Da aka ba da dogon hutu na sati shida, garin ya cika da baƙi saboda wasannin Commonwealth da aka fara 28 ga Yuli, mu kuma sai muka koma fita da yamma bakin magudanan ruwan nan da jiragen kwale-kwale ke bi, da furarmu a gora mai riƙe sanyi. Cikin Agusta muka ga wata tsohuwa Baturiya da roba a hannu tana tsinkar wasu baƙaƙen 'ya'ya a jikin ƙaya, blakberi, ta ce na kowa ne, mu dai ɗebi na sama-sama mu wanke sosai. Launinsu sak ɗinya, tsami-tsami da zaƙi. Yaran suka cika murfin kula, hannu duk ya rine, babban har ƙaya ta karce shi bai kula ba. Da muka dawo na wanke na zuba musu a kan kindirmo, na ɗiba a ƙaramin kwano na ce ƙaramar ta sauka ta kai wa Anti, na ɗauki hoton sauran na tura wa Hajiya. Washegari ta turo murya tana tambaya ko itacen nasa dogo ne kamar ɗinya, wai kar in bar mata jika ya hau.