Ranar da mai sayar da ƙanƙara ya biya kuɗi don ya ji sanyi

Sana'ata ƙanƙara ce. Shagona na Jekadafari, cikin garin Gombe, firiza shida da janareta ɗaya mai shan gas ba ji ba gani. Idan azumi ya faɗo cikin bazara, kafin la'asar layin yara masu bokiti da kula ya kai bakin titi. Don haka na san kuɗin sanyi. Duk ƙullin ƙanƙarar da na miƙa wa yaro, na san gas ɗin da ya ƙone kafin ruwan ledar ya daskare.

A 2019 Kawuna, mai sarin yadi da turare, ya tafi da ni Dubai in taya shi lissafi da ɗaurin kaya. A Deira muka sauka, inda 'yan kasuwarmu suka saba sauka. Ranar da muka gama miƙa kaya ga masu kago sai na ce, "Kawu, akwai inda nake so in leƙa kafin mu koma." Da na faɗa masa wurin, ya dube ni ya ce, "Kai da ka baro ƙanƙara a gida, ita kuma za ka biya kuɗi ka kalla? Allah ya shirye ka." Duk da haka ya bi ni. Muka hau jirgin metro har Mall of the Emirates, katafariyar kasuwar da Ski Dubai, gidan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ke cikinta.

An buɗe wurin a 2005. Faɗinsa murabba'in mita 22,500, tudun da aka gina a ciki ya kai mita 85, gangare biyar ne, mafi tsawo mita 400. Duk wannan a ƙarƙashin rufi ɗaya, a garin da zafinsa kan haura digiri 40 da bazara, kamar namu na watan Afrilu. Da na juya kuɗin tikiti zuwa naira, sai da gabana ya faɗi, domin dirhami ɗaure yake da dala, 3.67 a dala ɗaya, ba ya tausayin mai naira. Cinikin kwanaki ne a shagona. Kawu ya ce shi kam ta gilashi zai kalla, ya nemi kujera ya sa aka kawo masa shayi.

Aka ba ni riga mai kauri da wando da takalmi. Safar hannu mai kauri ce na ƙi ƙara wa kuɗi, wai ni mai damƙar ƙanƙara da hannu kullum. Ashe damƙa ta minti ɗaya daban, zama cikinta daban. Ciki digiri ɗaya ko biyu ne ƙasa da sifili, kuma ba inda za ka matsa ka sha hantsi kamar yadda muke yi da hunturu. Kafin rabin awa yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, na koma na saya ina jin kunya. Wayata ma sanyin ya zuƙe mata caji ina tsakiyar nuna wa Inna wurin ta bidiyo.

Wanda bai iya zamiya ba, ba a barinsa hawa gangaren sai ya yi darasi, kuma gaskiyarsu. Ni a filin wasan yara da iyalai na tsaya, inda ake zama a kan wani abu kamar tayar mota a sulalo. A nan ma sai da na sha ƙasa sau biyu, ba a kan zamiyar ba, a tafiya kawai.

Amma fa zan faɗi gaskiya, da na ɗebi dusar a hannu, na manta da lissafi. Ba ta yi kama da ƙanƙarar da nake sayarwa ba ko kaɗan. Tawa dutse ce. Wannan kuwa kamar garin tuwo mai laushi, ka dunƙula ta dunƙulu, ka taka ta yi ƙara a ƙarƙashin takalmi. Numfashina na fita kamar hayaƙi. Ga tsuntsayen fengwin ana fito da su suna tafiyar ƙasaita. Na ga wani dattijo da farin gemu yana jifan jikokinsa da dunƙule yana dariya har da hawaye. Yawancin waɗanda ke ciki irina ne, mutanen ƙasashen rana, da a talabijin kawai suka taɓa ganin abin. Wanda ya tashi cikinta ba zai gane mana ba.

Da ɗoki ya lafa, sai idon sana'a ya buɗe. Na daina kallon masu zamiya na koma kallon rufi da bango da ƙofofi. Wurin nan firiza ce, ƙatuwa kawai. Da dare, bayan an tashi, ake ƙara sauke sanyin zuwa wajen digiri shida ƙasa da sifili, a fesa ruwa siriri daga sama, ya daskare a iska ya zubo. A ƙarƙashin dusar akwai bututan sanyi da ke hana ta narkewa ta ƙasa. Bangon kuma mai kauri ne, an cusa masa abin da ke hana zafi ratsawa, ba kuma za ka shiga daga kasuwa kai tsaye ba sai ka ratsa ƙofa bayan ƙofa. Yin ƙanƙarar ba shi ne babban aikin ba. Riƙe ta ne, dare da rana, ko da mutum goma ne suka shigo.

Wannan riƙon shi ya kayar da wasu. A Japan an buɗe irin wannan gidan zamiya kusa da Tokiyo a 1993, aka rufe a 2002, daga baya aka rushe. A garin Miyazaki kuma, can Japan ɗin, bakin teku suka gina a cikin ɗaki, tsawonsa mita 300, da igiyar ruwa ta inji da rufi mai buɗewa, alhali tekun gaske na nan kusa, tafiyar ƙafa. Shi ma 1993 aka buɗe, 2007 aka rufe. Na Jamus, Tropical Islands, wurin shaƙatawa da iyo da aka buɗe a 2004 kudu da Balin cikin wata tsohuwar rumfar jirgin balan-balan, yana nan yana aiki, su zafi suke saye, wajen digiri 26 ko ana zuba dusa a waje. Na Dubai kuwa ina ganin kasuwar da ke kewaye da shi na taimakonsa, domin ko Kawu da ya ƙi shiga sai da ya bar kuɗin shayi da na agogon da ya saya wa Gwaggo.

Da na dawo Gombe, ban sayi sabon inji ba. Robar murfin firiza huɗu na canja, ashe duk sun saki, shekara da shekaru ina sanyaya unguwa a kyauta. Na sa aka yi wa kwanon shagon silin, aka kafa rumfa ta yamma inda rana ke dukan bango. Na mayar da zubin ruwa bayan isha'i, lokacin da gari ya huce. Na hana yaran shago buɗe murfi don ƙulli ɗaya: da safe a kwashe na yini a zuba a kula, a rufe da buhu. Gas ɗin da nake saye ya ragu har matata ta lura kafin in faɗa mata.

Da ƙaramar salla na kai iyali Yankari, ta mararrabar Dindima a hanyar Bauchi. Na shiga ruwan Wikki, wanda ke kan digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa, babu bututu babu janareta. Ina kwance a ciki ina tuna rumfar Jamusawa da abin da suke ƙonawa don su sami kwatankwacinsa. Amma ɗana na fari ba ruwansa da wannan lissafin, bidiyon Dubai ya tsaya masa a rai. Na ce masa akwai irinsa a Masar tun 2017, ya fi kusa, in Allah ya hore za mu je. Da muka koma gida bai daina naci ba, sai na buɗe firiza na kankaro farar dusar da ke manne a jikin bango na zuba masa a tafi. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Baba, wannan ai ta shago ce."