Abin da jak ke koya wa bakaniken babur

Babur irin Bajaj Boxer ya haura kilo 100, kuma duk nauyin nan a kan tayoyi biyu yake. Darasin farko a gareji shi ne, da an cire wani abu a jikinsa nauyin ya canza wuri. Sau da yawa idan babur ya kife lokacin gyara ba jak ne ya karye ba, mai aikin ne bai lissafa inda nauyi zai koma ba.

Ƙaramin jak, wato mai ƙafa ɗaya na gefe, na ajiya ne kawai. A kansa babur a karkace yake, baƙin mai ya taru gefe guda, ma'auni ya yi ƙarya. Sai an miƙar da babur a kan babban jak, wato mai ƙafa biyu na tsakiya, a wuri mai daidai, an kashe inji an jira minti biyu zuwa uku, sannan a duba mai. Shi ma babban jak yana da halinsa: gaba ake tura babur ya sauka daga kansa, don haka duk wanda ya danna sifana da ƙarfi ta wajen gaba yana iya sauke shi ba da niyya ba. Maganin kuwa mai arha ne. A ɗaure hannun birkin gaba da robar tsohon tiyub, a kuma ɗaure ƙafar jak da igiya zuwa tayar gaba. Noti mai tauri, kamar na ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, a sassauta shi tun taya na ƙasa.

Ga babur marar babban jak an ƙera na baya mai ƙananan tayoyi, wanda ke kama ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya ta gefe biyu, a danna hannunsa ya ɗaga. Mai walda zai iya haɗa shi, amma faɗin ƙasansa ya fi na samansa, a kuma naɗa roba a bakin don kada ya zame. Kullum baya ake fara ɗagawa kafin gaba. Idan za a cire ƙafar gaba, a sa katako a ƙarƙashin inji ko firam, ban da salansa da notin zubar da mai, domin salansa lotsewa take yi.

Akwai kuma wata 'yar dabara da ba a cika ba ta muhimmanci ba: ƙarafa biyu masu juyawa da ake ɗora tayar baya a kai, a riƙa juya ta da hannu ana wanke sarƙa da kananzir da buroshi. Da hannu, ba da inji ba. Masu tayar da inji su sa giya don aiki ya yi sauri su ne ke rasa yatsu, tsumma ya kama, sarƙa ta ja shi cikin haƙoran sifiroket, wato faifan ƙarfen da sarƙa ke bi ta kansa. Sakin sarƙa a ƙananan babura yawanci milimita 20 zuwa 30 ne, a auna shi a wurin da sarƙar ta fi ɗaurewa bayan an juya taya zagaye guda.

A wajen wanki ƙasa ce matsalar. Ruwa na jiƙa rairayi, jak ya nutse ta gefe ɗaya, babur ya kwanta. Faffaɗan katako a ƙarƙashin jak ya wadatar. A toshe bakin salansa, kada kuma a saita ruwa mai ƙarfi a kan boris ɗin taya, giris ɗin ciki zai wanke.