Abin da riƙe igiya a rali ya koya min game da fushin 'yan kallo

Wanda bai taɓa zuwa kallon rali, wato tseren motoci a hanyoyin daji, ba zai ɗauka kaman ƙwallo ne, ka yanki tikiti ka samu kujera ka zauna. Ina! A rali ba tare motoci ke tashi ba, ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, tsakanin wannan da waccan minti biyu ko uku, agogo ne alƙali. Kai da ka yi sammako ka shiga daji ka tsaya a wata kwana, rabonka shi ne mota ta zo fuu ta bulbule ka da ƙura ta wuce, sai ka koma jiran ta gaba. Kuma a haka mutane ke son abun, har da masu kwana a tanti.

Lokacin da nake karatu a Nairobi na yi aikin sa kai a ƙananan ralin da ake shiryawa na cikin gida, ba Safari ba, wato babban ralin Kenya. A ba ka riga mai ƙyalli da usur da igiyar leda, a ajiye ka a bakin hanya, aikinka kar kowa ya tsallaka. To a nan na gane jira ba ya ɓata wa ɗan kallo rai, zai yi awa uku a rana yana cin gasasshen nama yana raha da na kusa da shi. Abun da ke tunzura shi shi ne lokaci ya wuce, ba mota ba labari, ya tambaye ka kai mai riga ka ce ba ka sani ba, kuma wallahi ba ka sani ɗin ba don mai rediyon da ake sanar da shi abun da ke faruwa yana can nesa da kai. Can sai ka ga motoci suna wucewa a hankali a jere, ashe an soke zangon, wato wannan yankin na tseren, tun ɗazu. Ranar nan na sha zagi da Swahili da Turanci, wani dattijo da ya zo da jikokinsa bai ma zage ni ba, cewa kawai ya yi yaro da kun faɗa mana ai da mun kama hanya tun rana ba ta yi ba.

Me ya sa aka soke? Kafin a saki motar farko akwai motocin duba hanya masu lamba 000 da 00 da 0, in suka ga mutane tsaye a bayan kwana, inda mota za ta faɗa in birki ya ƙi, dole a tsaya sai an kore su, in sun ƙi koruwa a soke. Ba wasa ba ne wannan, a 1986 a Fotugal wata Ford RS200 ta ƙwace ta afka cikin jama'a kusa da Sintra aka rasa rayuka, manyan direbobi suka ce ba za su ci gaba ba. Poland ma bayan 2017 cire ta aka yi daga gasar duniya saboda matsalar tsaro, sai 2024 ta dawo. Don haka sokewa ba laifi ba ne. Amma abun da masu shiryawa ba sa son ji shi ne, yawancin waɗanda suka tsaya a mugun wurin nan ba taurin kai ya kai su ba, wurin da aka ware wa 'yan kallo ne ba alamar da ke nuna shi, ko wajen fakin ya cika tun asuba, mutum ya yar da motarsa a gefen titi ya bi ƙarar inji ta cikin jeji, inda ya ɓulla nan ya tsaya. Sai hukuncin ya faɗa kan waɗanda suka bi doka suna bayan igiyata.

Maganin da aka samo wai shi ne zangon filin wasa. A Safari an yi ta yin sa a Kasarani da ke Nairobi, motoci bibbiyu kafaɗa da kafaɗa a hanyar da ba ta kai kilomita 5 ba, a Girka kuwa a 2022 cikin babban filin Olamfik na Atina aka yi, ya cika maƙil. Tsofaffin masoya rali ba sa ƙaunar abun ko kaɗan, kuma suna da hujja, direbobi lallaɓawa suke don ba a cin rali a nan amma ana iya rasa shi in ka daki shingen kankare, ga jawaban manya kafin a fara, ka biya kuɗi ka ga abun da bai kai rabin na daji ba. Ni dai ban tsane shi ba gaskiya, uwa mai goyo da yara da wanda ba shi da motar shiga daji nan ne kawai za su ga motar da idonsu. Inda nake da ja shi ne in aka kwashe lasifika da 'yan sanda da bayan gida da duk wani tsari aka zuba a filin don kyamarar talabijin na nan, aka bar daji da 'yan sa kai irina da usur.

Ko a babban ma an gani. Safari tun 1953 ake yin sa, ya fita daga gasar duniya bayan 2002, da ya dawo a Yunin 2021 jama'a suka yi ɗango zuwa Naivasha, garin da ake yin tseren a kewayensa, hanyar Nairobi zuwa Nakuru ta toshe har wasu a mota suka kwana, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba fa. Wasu dama shagali ya kai su Vasha kaman yadda suke ce mata, amma akwai waɗanda don motar suka je suka dawo ba su ga ko taya ba. Japan da ake yabo da tsari, a 2024 wata motar gida ta kutsa cikin zango ana tsaka da tsere sai da aka soke shi.

Daga baya duk ralin da aka kira ni, kafin in karɓi riga sai na nemi jadawalin lokuta da lambar mai rediyo mafi kusa, kuma na sayi 'yar lasifikar hannu irin ta masu tallan magani. In an tsayar sai in ce jama'a mota ta kife a gaba, direba da mai karanta masa hanya lafiyarsu ƙalau, ana janye ta, a ƙara haƙuri. Sai ka ga an koma an zazzauna, har da masu tafi. Kuɗin lasifikar da na batir kuwa an ce in kawo rasit za a biya ni, na kai, har na gama karatu na baro Kenya shiru.