Ɗigo huɗu a cikin Chapman

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa makullin sito, na ninke falmaran ɗin aiki na ajiye a kan kanta. Shekara huɗu da wata biyar ke nan ina tsaye a mashayar bakin wurin ninƙaya ta wani otal a Wuse II, Abuja. Waɗanda muka yi aiki tare sun san wurin, ba sai na kama suna ba. Sabbin yaran da aka ɗauka sun roƙe ni in bar musu wani abu a rubuce. Da na zauna sai na ga yankan lemon tsami da jijjiga gwangwanin haɗi wata guda ya ishe su su iya. Labarin haɗin lemon nan da ake kira Chapman ne ba wanda zai ba su in ban ba su ba.

Ranar da aka ɗauke ni sharaɗi ɗaya na kafa: hannuna ba zai zuba wa kowa barasa ba. Manaja ya ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama, domin rabin manyan baƙinsu alhazai ne, kuma hankalinsu ya fi kwanciya in suka ga nasu a bayan kanta. Aka raba mana wuri. Hagu na abokin aikina ne, da kwalaben wiski da giyar jin da sauransu. Dama nawa ne: ƙanƙara, na'ana'a, kankana, abarba da injin markaɗe. Har alfahari nake yi in na je gida Funtuwa, ina cewa ni ko murfin kwalbar giya ban taɓa buɗewa ba.

Akwai wani kati da manaja ya rubuta da hannunsa aka manne da salatif a cikin ƙofar firij. A kansa na koyi Chapman. A cika babban kofi mai mariƙi da ƙanƙara, a zuba jan ruwan grenadine, a bi shi da Fanta da Sprite rabi da rabi, a matse lemon tsami, a jefa yankan kokwamba da na lemon zaƙi. Layin ƙarshe ya ce: Angostura, ɗigo huɗu. A ranar farko na ɗaga 'yar kwalbar mai murfi ruwan ɗorawa na tambaye shi ko mece ce. Ya ce kayan ƙamshi ne kawai, kamar yadda muke sa kanumfari a zoɓo, kuma duk Legas haka ake yi. Takardar da ke jikin kwalbar ta yi mata yawa har ta haura kafaɗarta, cike take da ƙananan rubutu irin na takardar magani. Shekara biyu ina ɗaga kwalbar nan sau talatin ko fiye a rana, ban taɓa tsayawa na karanta ba.

A azumin 2023, wanda ya faɗo cikin tsananin zafin Maris da Afrilu, otal ya shirya buɗa-baki kullum. Akwai wani Alhaji, dattijo, da ba ya sati bai zo ba. "Ɗana" yake ce mini, kuma bai taɓa tashi bai bar mini na goro ba. Ran nan ya zo da iyalinsa, su tara, ya ɗaga mini hannu daga nesa ya ce Chapman ga kowa. Na haɗa bakwai aka kai. Ina kan na takwas sai 'yarsa, wadda daga baya na ji tana karatun harhaɗa magunguna, ta zo ta tsaya tana kallon yadda nake yi. Ta ɗauki kwalbar tana jujjuyawa.

"Malam, ka san abin da ke cikin wannan kuwa?"

Ta ɗora farcenta a kan wani layi. Barasa, kashi 44.7 cikin ɗari. Wiskin da nake kauce wa a hagu yawancinsa kashi 40 ne. Ashe abin da na fi taɓawa a rana ya fi su ƙarfi.

Alhaji ya riga ya ci dabino ya sha rabin kofinsa. Ya taso a hankali ya zo gaban kanta. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni kawai ya ce, "Ɗana, ni don na ga kai ne a nan shi ya sa ban taɓa tambaya ba." Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe," sauran maganar ta maƙale.

Sai ga manaja da sauri. A gaban Alhaji da matansa da ma'aikata ya ce ya sha gargaɗina kan kwalbar nan, yaro ne mai taurin kai. Na juya zan nuna katin, ya daka mini tsawa in wuce ciki. Kafin a rufe mashaya a daren nan katin ya ɓace daga ƙofar firij, sai sawun salatif. Washegari aka ba ni takardar tuhuma, dakatarwar mako guda, aka kuma zaftare rabin albashin watan da zan yi wa yara kayan sallah da shi.

Da na koma ofishinsa karɓar takardar, mu biyu kaɗai, sai ya canja harshe. Ya ɗauki biro ya yi mini lissafi: ɗigo huɗu a kofi mai cin rabin lita ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba, ba mai buguwa da shi ko ya sha bokiti. Lissafinsa daidai ne, na sake yi da kaina. Na kuma tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce abin da ya narke ya ɓace a cikin ruwa mai yawa ba a yi masa hukuncin giya. Ɗayan ya tsaya a kan cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma a bar shi. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Amma Alhaji ne ya kamata ya zaɓi wanda zai bi a cikin biyun, mu kuwa muka zaɓar masa ba da saninsa ba, a bakinsa na mai azumi. Kuma in har abin ba komai ba ne, me ya kai hannun manaja ƙofar firij da dare?

Makon dakatarwar a kan waya na ƙarar da shi ina karatu. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, shi ya haɗa abin a 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela, inda yake aiki da rundunar Simón Bolívar, kuma maganin ciwon ciki ya nufa da shi. Daga baya 'ya'yansa suka mayar da sana'ar Trinidad, can ake yinsa har yau. Saiwoyi ne da kayan ƙamshi ake jiƙawa, barasar ce ke tatso ɗacinsu da ƙamshinsu ta kuma hana su lalacewa. Wato manaja bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Rabin gaskiya ya ba ni, ni kuma na karɓa don ta yi mini daɗi.

Da na dawo ba kwalbar da na bari ban karanta ba, har na hagun. Ban ɗanɗana ko ɗaya ba, amma yau in aka rufe mini ido aka kawo hancina zan raba ram, wanda daga rake ake yinsa, da wiskin sha'ir. Na san ruwan inabi mai sa maye yakan zauna tsakanin kashi 12 zuwa 14, giyar kwalba kuwa wajen 5. Na gane cewa kwalaben da ake kawowa wurin biki da sunan marasa barasa iri biyu ne: akwai ruwan inabin da bai taɓa tsima ba, gas kawai aka sa masa, akwai kuma wanda ya tsimu aka cire barasar daga baya, shi kuwa yakan rage ɗan burbushi har zuwa rabin kashi ɗaya. Na shiga kicin na tarar da ruwan banila na masu kek, shi ma wani da barasa ake jiƙa shi. Ko zoɓonmu bai tsira ba. Wata rana janareta ya lalace, jarkar zoɓo mai abarba da sukari ta kwana biyu a zafi, ina buɗewa ta yi tsaki tana kumfa. Ni na zubar da ita, aka kuma rubuta mini asarar.

Chapman ba ɗacin nan lami ne, ruwan alewa kawai. Sai na shiga neman madadi. Na dafa zoɓo ya yi kauri, da kanumfari da citta da kirfa da busasshen ɓawon lemon zaƙi. Ƙamshi ya fito, ɗaci bai zo ba. A gwaji na goma sha ɗaya na goga namijin goro kaɗan a ciki na bar shi ya kwana. Abokin aikina na hagu, wanda ya fi shekara ashirin a sana'ar, ya kurɓa ya yi shiru, ya ce in ƙara masa. Bayan wata biyu haɗin ya hau takardar abin sha da sunan otal, na kuma ji manaja yana gaya wa mai wurin yadda tunanin ya zo masa.

Sauran abin da zan ce wa yara kaɗan ne. Ku ƙirga kwalaben sito da kanku kafin ku sa hannu. Kada ku murje na'ana'a da ƙarfi, ɗaci take yi. Cokalin ƙanƙara ba ya kwana a cikin ƙanƙara. Duk katin da aka manna muku, ku ɗauki hotonsa a waya ranar da aka manna.

Alhaji bai sake taka otal ɗin ba. Sau ɗaya na gan shi, bayan sallar Juma'a a Masallacin Ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya ce, "Har yanzu kana can?" Na ce ina can. Ya ce Allah ya kyauta, ya shiga mota.

Na kama ɗan shago a Kaduna, zoɓo da kunun aya da Chapman irin nawa zan riƙa sayarwa. Jiya da yamma ina ɗaure kaya wani yaro ya kira ni, wai manaja ya ce a tambaye ni yawan namijin goron da ake sawa, don nasu ya ƙi yin daidai. Na ce ya gaya masa ya duba katin da ke ƙofar firij.