Ashe tsoron likitan haƙori ma ana auna shi

Ni dai ban taɓa sanin ana auna tsoro ba sai ranar da na kai 'yata mai shekara bakwai wajen likitan haƙori, saboda wani ɗan rami da ya fito mata a haƙorin ciki. Tun a gida nake tambayarta, kina jin tsoro? Ta ce a'a Mama. To muna zaune muna jiran layi sai ga wata nas da 'yar takarda mai zanen fuskoki biyar a jere, daga mai dariya har zuwa wadda ta ɓata rai sosai, ta durƙusa ta ce mata 'yan mata nuna min wacce ta yi kama da yadda kike ji yanzu. Yarinyar nan da ta gama ce min a'a, sai ta ɗora yatsa a kan ta huɗu. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Da na koma gida na shiga bincike, ashe abin da tsari. Fuskokin nan maki ne daga 1 zuwa 5, kuma an yi su ne don yaran da karatu bai zauna musu ba, tunda yaro ɗan aji ɗaya ko biyu ba zai iya cike fom ba, nuni kawai zai yi. Akwai kuma na hotuna da ake kira gwajin Venham, hoto bibbiyu har sau takwas, a kowanne yaro ɗaya hankalinsa kwance ɗayan a firgice, sai a ce ka zaɓi wanda ya yi kama da kai, maki daga 0 zuwa 8.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wani gwajin tambayoyi na auna tsoron likitan haƙori a wajen yara da ake kira CFSS-DS, tun 1982 ake amfani da shi. Tambayoyi 15 ne, jimillar maki daga 15 zuwa 75, kuma galibi in yaro ya kai 38 sai a ce tsoron ya yi yawa. Abin da ya sa na so shi, bai dunƙule tsoron wuri guda ba, yana rarrabe shi: allura ce, ko ƙarar injin da ke huda haƙori, ko ganin masu fararen kaya, ko shaƙewa, ko kuma kawai baƙo ya taɓa ka. Ai wanda ke tsoron allura da wanda ƙara ke firgitawa ba lallashi ɗaya za a yi musu ba.

Inda nake da ja shi ne, sau da yawa iyaye ake ba wa su cike a madadin ƙananan yara. Hmm. Da ni aka ba wa ranar nan da ƙaramin maki zan sa mata, ni da na haife ta fa, kuma wata uwar nata tsoron za ta zuba a takardar ta ce na ɗa ne. Shi ma likita yana da nasa ma'aunin, na Frankl, mataki huɗu daga wanda ya ƙi sam zuwa mai ba da haɗin kai sosai, sai dai hali yake dubawa, yaron da ya yi tsit ya buɗe baki zai ci maki mai kyau alhali gabansa na dukan uku-uku.

Ranar dai ba a taɓa ramin ba. Likitan ya ba ta ƙaramin madubin nan ta riƙe, ya ƙirga mata haƙoranta, ya kunna abin zuƙe yawu ya ɗora mata a tafin hannu har ta yi dariya. Da muka koma sati na gaba aka sake kawo takardar, ta yi jim, ta nuna ta uku.