Tikitin ragi da na buga a gidan abincina, da abin da ya biyo baya

Gidan abincina a Maradi ba wani babba ba ne: tebur tara, rumfar kwano a gaba, yara huɗu da ke taya ni aiki, sai mai gashin kaji da ke zuwa da yamma. Shekara shida ina cin tuwona lafiya, har juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya zo, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wuta. Direbobi da 'yan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, waɗanda su ne rabin cinikina, suka ɗauke ƙafa. Wata rana tun azahar har magariba faranti bakwai na sayar. Sauran shinkafar almajirai suka kwashe da dare.

A cikin wannan halin ne ƙanena da ke tuƙin mota a Amurka ya kira ni. Da na gama yi masa kuka, sai ya ce, "Yaya, nan fa idan kasuwa ta yi sanyi, tikiti suke sayarwa." Ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma ya ce iri biyu ne ya sani.

Na farko shi ne na kamfanin Restaurant.com, wanda ya fara a 1999. Mutum zai shiga intanet ya sayi takardar da aka rubuta wa dalar Amurka 25 a kan dala 10. Amma akwai sharaɗi a jikinta: sai ya ci abincin da ya kai wani adadi da ya haura kuɗin takardar, kuma takarda ɗaya ce ga tebur ɗaya. Dala 10 ɗin nan ta kamfani ce, mai gidan abinci ba ya ganin ko sisi a ciki. Abin da yake samu shi ne mutumin da aka kawo masa har ƙofa, da kuɗin da zai cika a kan 25 ɗin. Na biyu shi ne na Groupon, da aka buɗe a Shikago a watan Nuwamban 2008. Su sun yi suna da sayar da tikiti a rabin kuɗi, sannan su raba abin da aka biya da mai gidan abincin, sau da yawa rabi da rabi. Ke nan abincin dala 40, mai saye ya biya 20, mai girki ya tashi da 10. A Legas ma an yi irinsa, DealDey, a 2011.

Duk ya faɗa mini wannan, amma abin da kunnena ya riƙe ɗaya ne: za a ba ni kuɗi yau, abinci sai wata rana. Ga mai haya a ƙofa, ga kuɗin man janareto. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Akwai wani yaro mai wayo da ke tallan kayan mutane a Facebook da WhatsApp. Muka shirya da shi: tikitin sefa 5,000 a sayar 2,500, ya ɗauki sefa 500 a kowane ɗaya, ya kawo mini 2,000. Aka buga guda 120 a wurin masu kwafin takardu, shuɗiyar takarda da hoton kaza a tsakiya. Ban sa ranar ƙarewa ba, ban sa ranar zuwa ba, ban ware wani abinci ba. Cikin kwana tara suka ƙare. Ya kawo mini sefa 240,000 cikin baƙar leda, na biya hayar wata biyu, na sayi buhunan shinkafa, na yi barci mai daɗi a daren.

Juma'ar farko bayan an sauko daga masallaci, wurin ya cika maƙil har da masu tsayuwa. Kowa da shuɗiyar takarda a hannu, kuma kowa kaza yake so. Ai gaskiyarsu ce: wanda ke riƙe da tikitin jika biyar ba zai ɓata shi a kan shinkafa da wake ba. Kaza kuwa ita ce mafi ƙarancin riba a duk abin da nake sayarwa, don kuɗin sayenta da gawayi da ladan mai gashi sun kusa cinye farashinta. Kafin la'asar kaji sun ƙare. Wani Alhaji da ya shekara uku yana cin abincina da kuɗinsa cikakke ya tsaya bakin rumfa, ya duba babu wurin zama, ya ce, "Hajiya, yau kam kin yi baƙi, sai wani jiƙon." Ya hau motarsa. Da dare na buɗe akwatin kuɗi, takardu shuɗaye sun fi kuɗin yawa.

A daren ne na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Abincin jika biyar, idan aka haɗa kaza da mai da kayan miya da gawayi, yana cin kusan 3,000 daga aljihuna. Ni kuwa 2,000 na karɓa. Ke nan duk wanda ya miƙo tikiti, jika guda nake ɗora masa daga uwar kuɗina. Ga shi tsakanin ranar da aka sayar da tikitin da ranar da aka zo ci, shinkafa da mai sun sake tashi, tikiti kuma yana nan yadda aka rubuta shi.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Na sa ɗaya daga cikin yarana ta riƙa yin alama a bayan kowane tikiti, ko sabuwar fuska ce ko tsohuwa. Cikin 104 da suka dawo, fiye da rabi mutanena ne na kullum, waɗanda da tikiti da babu za su zo su biya. Yaron nan bai wahalar da kansa neman baƙi ba, lambobin da ke ganin tallata ya bi, don su ne masu saurin saye. Ban ga laifinsu ba, kowa ya ga araha zai ɗauka. Sai kuma wata Asabar muka tsinci tikiti biyu masu lamba ɗaya, an kai wurin mai kwafi an ninka. Daga nan na fara sa hannu a littafi duk wanda aka kawo.

Maigida ya ce in rufe abin kawai, in ce tikiti ya daina aiki. Na ce a'a, Alhaji, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kuɗin mutane na karɓa, na biya haya da su. Haka na yi ta ciyarwa har wata biyu da 'yan kwanaki.

Akwai abin da ya tsaya mini a zuciya tun ranar farko, sai na tafi wurin malamin da muke ɗaukar karatu gare shi. Na ce, "Allah gafarta Malam, takardar da aka rubuta wa jika biyar ina sayar da ita jika biyu da rabi. Ba kuɗi da kuɗi nake saye da sayarwa ba kuwa?" Ya tambaye ni ko mai takardar yana iya karɓar kuɗi a madadinta, na ce a'a, abinci kawai. Sai ya yi mini bayanin cinikin salam, wanda ake biyan kuɗi gaba kaya su zo daga baya, ya kawo hadisin Ibn Abbas da ya shardanta a san mudu, a san nauyi, a san lokaci. Ya ce, "Malama, abin da ya fi miki tsarki shi ne ki rubuta abincin da kansa a takardar, ki rubuta ranar da za ta ƙare, kar ki rubuta adadin kuɗi." Na fito ina mamakin yadda maganarsa ta zo daidai da ramukan da na faɗa. Da na rubuta abinci da lokaci tun farko, da kaji ba su cinye ni ba.

Bayan ƙaramar salla ta 2024 na sake gwadawa, wannan karon da alƙalami a hannu. Abin da na fara tambayar kaina shi ne, yaushe kujeruna suke zama babu kowa? Talata da Laraba, daga ƙarfe uku zuwa shida. A waɗannan sa'o'in haya tana tafiya, albashin yara yana tafiya, tukunya tana kan wuta, ko an ci ko ba a ci ba. Farantin da aka sayar a lokacin, in dai ya mayar da kuɗin kayan da aka zuba masa har da ɗan ƙari, riba ce tsantsa. Farantin da aka sayar da ragi ranar Juma'a kuwa ya kori wanda zai biya cikakke ne. Sai a nan na gane dalilin da ya sa Restaurant.com ke sa sharaɗin cikawa, da dalilin da ya sa gidajen abinci da yawa a can ke rubuta cewa tikiti ba ya aiki a daren Juma'a da Asabar.

Sabon tikitin ya ce: faranti biyu na shinkafa da miya da nama, da zoɓo biyu. Kuɗinsu na kullum 2,400, na sayar 1,800, kayan da ke ciki kusan 1,300. Talata da Laraba kaɗai, a ci a nan, ba a ɗauka gida, tikiti ɗaya ga tebur ɗaya, kwana 30. Kowane ɗaya da lambarsa da hatimina, kuma lambar tana cikin littafi. Babu ɗan tsakiya mai yankar kuɗin tikiti. Na ba wa 'yan kabu-kabu biyar da na yarda da su, da wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ladansu faranti ɗaya kyauta a duk tikiti goma. Na ja musu kunne cewa wanda bai taɓa cin abincina ba nake so. Guda 40 kawai na buga. Da gangan na yi shi na mutum biyu, don mai tikiti ya janyo wani, kuma mutum biyu idan suka zauna da wuya su tashi ba su ƙara tsire ko ruwan sanyi ba, wanda wannan da cikakken kuɗi ne.

Mai saye ma akwai abin da ya kamata ya duba kafin ya miƙa kuɗinsa. Ya juya takardar ya karanta: wace rana, wane abinci, sai an cika nawa, yaushe za ta mutu. Ya kuma tambayi kansa ko da ma yana da niyyar cin abinci a waje, don wanda zai ci tuwon gidansa ya sayi tikitin 1,800, bai tsira da 600 ba, 1,800 ya kashe. Ba a ba da canji a kan tikiti, kuma wannan ya taɓa haɗa ni da wani bawan Allah da ya ci na jika uku da rabi ya ce in ba shi jika ɗaya da rabi. Laifina ne da ban rubuta ba a na farkon. Yanzu yana rubuce da manyan baƙaƙe.

Saura maganar tikitin da ba a kawo ba. A zagayen farko guda 16 ne suka ɓace, kuma a wannan sana'ar akwai masu lissafa irinsu a matsayin riba. Ni zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Ƙanena ya ce a Groupon idan wa'adin ragi ya wuce, kuɗin da mutum ya biya ba ya mutuwa, yana iya cin abinci daidai da su. Na ɗauki wannan. Wanda ya makara, zai ci na 1,800 ɗinsa a farashin kullum.

Cikin 40 ɗin, 37 suka dawo a kan lokaci. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga da suka sake zuwa da kuɗinsu ba tikiti, cikinsu har da wata malamar asibiti da yanzu take aiko yaro da kwano duk ranar da take aikin dare. Larabar da ta wuce wata tsohuwa ta shigo da jikarta, ta kwance bakin zane ta ciro tikiti mai lamba 23, ya yi laushi don ninkewa, wa'adinsa ya wuce tuntuni. Ta ce, "Ɗiyata, ɗana ya ba ni wanga tun kahin ya tahi Agadas, ko ya mutu?" Na buɗe littafi, na ga lambar ba a soke ta ba. Na ce, "Bai mutu ba, Inna, ku zauna." Na soke lambar, na ce wa yarinya ta zuba musu faranti biyu, ta ƙara zoɓon.